Kafin Ka Ɗora Yatsa a Wayar Kawunka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ɗana Sulemana.

Ina gaishe ka daga nan Salaga, ina roƙon Allah Ya tsare motar da kake ciki, Ya tsare direbanta, Ya sauke ku Bawku lami lafiya. Na cusa wannan takarda a jakarka ne don na san halina. Da na tsaya gaya maka waɗannan maganganu a tasha, hawaye ne za su riga ni, kai kuma ka yi ta cewa "To, Mma, na ji," alhali idonka na kan mota. A rubuce dai dole ka bar ni in kai aya.

Kawunka Issaka ya kira ka ne saboda abu guda. Masu sayen albasarsa da hatsinsa daga Kumasi da Accra sun daina aiko mutum da takarda. Yanzu a waya suke turo yarjejeniya, su ce a sa hannu a nan take. Shi kuwa ƙanena ne, na san shi: ya iya ciniki, yana jin Kusasanci da Mosanci kamar a cikinsu aka haife shi, amma bai yi boko ba. Kai ne za ka zama idonsa a kan waɗannan takardu. Za ka ce me tsohuwa mai man kaɗe ta sani game da sa hannu ta waya, kai da ka yi karatu a Tamale. Gaskiya ne ka fi ni sanin inda ake latsawa. Ni inda ake tuntuɓe na sani, don na yi shi da ƙafata.

Ka san matan unguwarmu masu yin man kaɗe sun ɗora ni a kan ƙungiyarmu, suna ce mini Magajiya. Abin da ba ka gani ba, don lokacin kana makaranta, shi ne yadda muka fara da Madam Akosua, matar nan ta Accra mai yin sabulu. Da kanta ta zo Salaga. Ta zauna a kan turmi a tsakar gidanmu, ta lakaci manmu ta murza a bayan hannu, ta shinshina, ta ce irinsa take nema, kuma za ta kwashe duk abin da muka yi a shekarar. Mata suka yi ta guɗa. Ta ce in ta koma za ta aiko da yarjejeniya.

Ni ina nan ina jiran wani direba ya kawo mini ambulan, sai ga saƙo a wayata. Na kira ta na ce, "Madam, ina takardar da kika ce?"

Ta amsa da Hausarta ta zangon Accra, wadda ba ta raba mace da namiji: "Magajiya, takarda yana cikin wayanka. Ka buɗe, ka karanta, ka sa hannu da yatsa."

Na ce, "Da yatsa a kan gilashi? A'a. Ni abin da ba zan iya ninkewa in sa a ƙasan akwati ba, ba na sa masa hannu. Ki zo da takarda."

Ta lallashe ni, ta ce hanya da nisa, masu aikinta kuma ba za su zauna jira ba. Na kafe. Ta ba ni lokaci, ta sake kira, na sake maimaita mata maganata, har da ɗan ɗaga murya don matan da ke kusa su ji Magajiyarsu ba ta wasa. Daga nan ba ta ƙara kira ba. Manmu ya zauna a ɗaki har zafin bazara ya same shi. Muka koma kai shi kasuwa ƙwarya-ƙwarya, muna sayarwa yadda mai saye ya ga dama.

Na daɗe ina gaya wa kaina taka-tsantsan na yi. Ba haka ba ne. Ban gane abin ba ne kawai, kuma na ji nauyin in buɗe baki a gaban matan da ke girmama ni in ce ban gane ba. Da na ce, "Madam, nuna mini yadda abin yake," da an wuce wurin. To kai ma za ka shiga cikin manyan 'yan kasuwa a Bawku, suna kallonka a matsayin ɗan boko wanda ya san komai. Wata rana za a turo abin da ba ka taɓa gani ba. Ka ce ba ka sani ba, ka tambaya. Kunyar ba ta wuce ta lokacin da kake faɗa.

Daga baya na ji ashe matan da Madam ta koma wa su ne na ƙungiyar Azumi, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda aure ya kai Yendi. Abin ya tsaya mini a rai. Ba haushinta nake ji ba, so nake in san yadda aka yi Azumi, wadda ni nake yi wa lissafi a makaranta, ta iya abin da ya gagare ni. Da 'yarta ta haihu sai na fake da zuwa barka, na hau motar Yendi.

Ko gajiya ban huta ba na ja ta gefe na ce, "Azumi, don Allah nuna mini abin nan."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki, sannan ta ɗauko waya ta buɗe mini tasu yarjejeniyar. Ga rubutu shafi bayan shafi, ga wani ɗan fili a ƙasa. Ta buɗe mini wani wurin gwaji ta ce in rubuta sunana da yatsa. Na rubuta. Abin da ya fito kamar tsutsa ta bi ta kan yashi.

Na ce, "Wannan ai bai yi kama da sa hannuna ba. Ko jikarki ta goye za ta iya yin irinsa."

Ta ce, "Ba zanen ake dubawa ba, Rabi. Kafin ya karɓa, sai an turo wata lamba ta sirri a wayarki, ke kaɗai. In kin shigar da ita, shi ne shaidar ke ce. Yana kuma rubuta ranar da lokacin."

"To bayan na sa, in Madam ta zauna a ofishinta ta ƙara wani abu fa?"

"Ya kulle. In aka taɓa ko harafi ɗaya, zai nuna an taɓa. Kuma ke ma ana turo miki taki, iri ɗaya da tata."

"Ina takardar take kwana?"

Nan Azumi ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Wallahi wannan kam ban sani ba. Ci tuwonki."

Na dawo Salaga ina jujjuya abin a mota. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu suna ƙulla cinikin goro da shanu da musafaha da shaidu biyu a zaure, sai ga wata 'yar lamba ta zama shaida. Abin ya ba ni mamaki, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya burge ni. Da kaka ta zagayo na kira Madam da kaina na ba ta haƙuri. Man Yendi kaɗai bai ishe ta ba, sai ta yarda ta dawo mana.

A nan na yi tuntuɓe na biyu, kuma daɗin iyawa ne ya ja ni. Ranar da yarjejeniyar ta shigo ina gidan suna. Ana kiɗa, ana rabon waina da koko, mata sun cika rumfa. Na ga saƙon, sai zuciyata ta ce bari in nuna musu. Na ɗaga wayar na ce, "Ku zo ku ga yadda ake kwangila da Accra daga zaune." Suka kewaye ni. Na yi ta tura shafukan sama da babban yatsa, rubutu na wucewa kamar ruwa, har na iso ɗan filin nan. Lamba ta shigo, na shigar, na zana sunana. Aka yi shewa. Turancina na makarantar midil ya isa in karanta abin da ke ciki, in da na zauna. Ban zauna ba.

Muka yi aiki kamar yadda muka saba. Aka soya ƙwarar kaɗanya, aka niƙa, aka buga, aka dafa, muka zuba a ƙore ya daskare, muka rufe da ganye. Da motar Madam ta iso, mutumin da ta aiko ya leƙa ɗakin ya girgiza kai. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani shafi a tsakiya. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa sai an tace man da farin ƙyalle, a zuba a sababbin robobi masu murfi, ba a ƙwarya ba. Ga sunana a ƙasa, ga rana, ga lokaci. Motar ta juya babu kaya.

Sai da muka sake narkar da man nan kaf, muka tace, muka nemo robobi daga Tamale. Itacen da muka tanada don damina ya ƙare a wannan aikin. Ina tsaye a bakin murhu, sai Iya Lami, wadda ta girme mu duka, ta ɗago daga tukunya, gumi na zuba a fuskarta, ta ce, "Magajiya, da kika sa hannun nan, sunanki kaɗai kika sa ko har da namu?"

Na karɓi ludayin hannunta na ce ta je ta zauna.

Na yi tunani a kan dalilin da ya sa ban taɓa yin irin wannan da takardar hannu ba. Ita takarda tana da nauyi. Sai an kawo ta, ka ajiye, ka nemo biro, wani ya shigo ka nuna masa, kafin nan hankalinka ya dawo jikinka. Wayar kuwa ta kwashe duk wannan jinkirin, kuma ashe jinkirin yana yi mana aiki ba mu sani ba. Don haka kai ne za ka ƙirƙiro wa kanka shi. Kada ka sa hannu a tasha, ko a kan babur, ko a tsakiyar kasuwar albasa ana kiran sunanka. Ka koma inda za ka zauna. Ka karanta wa kawunka kowane layi da Hausa, da ƙarfi, har wuraren da suka yi kama da surutun lauyoyi. Wa zai biya mota, wa ke da asara in albasa ta ruɓe a hanya, a wane irin buhu, zuwa yaushe. Shi zai ji abin da kai ba za ka gani ba, don ya san albasa, kai takarda ka sani.

Kuma ga abin da ban sani ba sai daga baya: ashe ana iya mayar da ita. Shekarar da ta biyo na karanta tsaf, na ga an sa lokacin kai kaya ya faɗo cikin azumi. Na kira Madam na ce matana ba za su iya tsayuwa a bakin wuta da ƙishirwa ba. Ta ce, "Ba matsala, Magajiya, zan gyara in turo sabo." Shi ke nan. Na riƙe wayar ina mamakin sauƙin abin. Kafin ka sa hannu kowace magana tana taɓuwa. Bayan ka sa ne take zama dutse.

Tuntuɓe na uku shi ne ya sa na ɗauki biro yau, don shi nake jin tsoron zai same ka.

Ka tuna rasuwar gwaggonmu a Bawku, da na tafi na yi kwanaki a gidan kawunka. Lokacin ana jiran sabuwar yarjejeniya. Na riga na yi magana da Madam a kan yawan man da za mu iya, don haka na ɗauka babu sauran abin dubawa. Na bar babbar wayata a hannun Memuna, mataimakiyata a ƙungiya kuma maƙwabciyata, wadda ta taya ni yi maka wanka kana jariri. Na tafi da ƙaramar. Na ce mata, "In takardar ta shigo, lamba za ta biyo baya. Ki shigar, ki zana sunana, ai duk ɗaya ne."

Takarda ta shigo. Amma a tsakani Madam ta sami sababbin masu saye, sai ta ninka yawan man, ta rubuta a saƙo cewa in ba za mu iya ba mu gaya mata. Memuna ta gani, ta yi murna. A ganinta alheri ne ya ƙaru. Ta kira ƙaramar wayata ba ta shiga ba, sai ta sa hannu. Shekarar kuwa kaɗanya ba ta yi 'ya'ya sosai a wajenmu ba, ni na sani don na zaga daji na gani, ita ba ta zaga ba.

Da na dawo na gani, sai da na nemi wuri na zauna. Na kira Madam na ce, "Ba ni na sa hannun nan ba."

Ta ce, "Magajiya, wayanka ne, lambanka ne, sunanka ne. Ni ma na riga na yi alkawari da wasu a kan wannan. Yanzu me zan gaya musu?"

Gaskiyarta. Sai na juya kan Memuna. A tsakar gidanta, gaban surukarta, na ce mata, "Wa ya aike ki?"

Ta dube ni ta ce, "Ke, Rabi. Ke kika aike ni." Ta shiga ɗaki ta fito da wayar ta ajiye a kan tabarma, ba ta ko miƙo mini a hannu ba.

Man dai mun cika shi, da kyar. Na koma Yendi na roƙi Azumi, matanta suka sayar mana da ƙwara daga tasu, wasu har suka taya mu bugu. Ba mu ci ribar kirki ba, amma mota ta tafi cike, sunan ƙungiya bai ɓaci ba. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne tsakanina da Memuna. Muka daɗe sai gaisuwar bakin ƙofa. Ina ganin hayaƙin murhunta, tana ganin nawa, babu mai aika wa wata da kwano. Sai da na gane cewa ni na ɗora mata kayan da ba nata ba: na ba ta sunana ta riƙe, ban ba ta abin da na sani ba. Wata safiya na ɗauki goro na shiga gidanta na ce, "Memuna, ni na yi laifi." Ta ce, "Na sani. Zauna, koko bai huce ba." Daga baya muka tambayi Madam, ashe ana iya sa mutum biyu a yarjejeniya, kowa da sunansa da wayarsa. Yanzu haka muke yi. Takarda ba ta kullewa sai mu biyun mun karanta mun sa.

To ka saurare ni da kyau. Kawunka mutum ne mai sakin hannu, kuma yana ƙaunarka. Ba za a daɗe ba zai miƙo maka wayarsa yana shirin tafiya Kulungugu a bakin iyaka, ya ce, "Sulemana, in sun turo ka sa kawai, ai ni da kai ɗaya ne." Za ka ji daɗi, don yarda ce. Kada ka karɓa. Ka ce masa cikin ladabi, "Kawu, a sa ni da sunana a matsayin wakilinka, ko kuwa in jira ka dawo in karanta maka." Zai yi tsaki, zai ce ka cika boko. Bar shi ya yi. Ranar da wani abu ya karkace, ina so ya kasance a fili wa ya yarda da me, don kada in wayi gari ƙanena da ɗana ba sa gaisawa. Haka kuma lambar sirrin nan, duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, a karanto masa ita, ka kashe wayar. Ni ma an taɓa gwada ni, da murya mai daɗi har da "Hajiya."

Yanzu ni ma ina da nawa tambayoyin, kuma da gaske nake, ka bincika mini. In wayata ta faɗa kogi a jirgin ruwan Makango, yarjejeniyar ta bi ta ke nan, ko tana nan a wani wuri? In mutum ya rasu, magadansa ta ina za su ga abin da ya ƙulla? Kawunka yana ciniki da mutanen tsallaken iyaka masu rubutu da Faransanci, shin sa hannun da aka yi a Bawku yana da ƙarfi a wajen alƙalinsu? Na tambayi limamin unguwarmu ko lambar nan ta wadatar a matsayin shaida. Ya ce rubuta yarjejeniya abu ne mai kyau ko a kan me aka rubuta, amma shi zai fi natsuwa in akwai mutane masu rai da suka ji. Tun daga nan nake tara mata in karanta musu kafin in taɓa komai. Kai ma ka tambayi malaman can, in ji ko bakinsu ɗaya.

Sauran kuma ka san su, amma uwa ba ta gajiya da maimaitawa. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gaida matar kawunka da safe kafin ka fita. Bawku gari ne mai albarka amma yana da kwanakinsa. In manya sun ce a shiga gida da wuri, ka shiga, kuma kada ka sa baki a rigimar da ka tarar. Akwai dakuwa da yaji a aljihun jakar na gefe, ka ba yaran gidan nasu kafin ka cinye.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya haɗa ka da abokan ciniki masu amana, Ya sa kai ma ka zame musu haka. Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutum, Ya sa albarka a abin da za ka samu, Ya dawo mini da kai lafiya. Mahaifinka yana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka.

In kun wuce Zebilla ka sanar da kawunka ya fito tasha. In ka sauka kuma, kada ka turo mini rubutu cewa ka isa. Ka kira ni. Muryarka nake so in ji.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi